Rabin ƙarfin sigina na ɓacewa a kan allon PCB a 2.4 GHz, laifin FR-4 ne?

ɗalibi_lantarki: Assalamu alaikum injiniyoyi. Aikin kammala karatuna ne ya tsaya. Allon PCB ɗin (wanda ake jera kayan lantarki a kansa) mai fuska biyu ne, na FR-4 (haɗin zaren gilashi da roba da aka saba yin allo da shi), kaurin 1.6 mm, bayansa duk gurawun (shimfiɗar jan ƙarfen da lantarki ke komawa ta kanta). Layin da ya taso daga amfilifaya zuwa eriya tsawonsa 10 cm, faɗinsa 0.3 mm. Da na auna S21 (yawan siginar da ke isa ɗaya ƙarshen layin), a 50 MHz kusan ba asara, amma a 2.4 GHz sai na ga kusan 3 dB (wato rabin ƙarfin siginar) sun tafi. Wani ya ce in koma Rogers (allo mai tsada da ba ya cin sigina sosai), ni kuma ba ni da wannan kuɗin. Don Allah a taimaka.

mai_gyaran_rediyo: Wa alaikumus salam. FR-4 yana cin sigina kam. Df ɗinsa (ma'aunin yadda allon ke cin sigina) wajen 0.02 ne, na Rogers RO4350B kuwa 0.0037. Ga kuma lantarkin da ke taruwa a fatar jan ƙarfe idan firikwensi ya hau: a 2.4 GHz zurfinsa kusan maikuron 1.3 ne kawai, alhali kaurin jan ƙarfen maikuron 35 ne.

tsohon_injiniya: Gaskiya ne Malam, amma lissafin bai kai 3 dB ba. A 2.4 GHz, layin 10 cm a kan FR-4 ba zai ci ko 1 dB ba.

Ƙanena, duba faɗin layinka. A allo mai kaurin 1.6 mm, layin ohm 50 sai ya kai kusan 3 mm. Naka na 0.3 mm ya haura ohm 120, don haka siginar tana isowa ta tarar da impidans (turjiyar layin ga sigina, da ake aunawa da ohm) ya sāɓa, wani ɓangare ya juya baya. Ko ka sayi Rogers, haka zai faru. Ka sake aunawa daga 1 zuwa 3 GHz. In asarar na hawa tana sauka kamar tudu da kwari, rashin daidaiton ne, domin asarar FR-4 hawa take yi a hankali ba ta dawowa. Ka duba S11 ma, wato yawan siginar da ke juyowa baya.

Abin da ya fi damuna shi ne tsawon. Me ya sa eriya take can nesa? Matso da ita zuwa 2 cm. In 3 mm ba zai shiga ba, yi layin kofilena, wato mai gurawun gefe da gefe da jerin via (ƙananan ramukan da ke haɗa fuskokin allon biyu), zai tsuke.

ɗalibi_lantarki: Ranka ya daɗe, na auna. Hawa da sauka yake, kusan kowace 900 MHz. Yau zan sake zanen allon. Allah ya saka da alheri.