Unguwar Block ta Sidni: sayarwa aka yi ko haya?

Baban Khadija: Jama'a, abin da aka yi wa Aborijin, 'yan asalin Ostiraliya, a unguwar Redfern ta Sidni yana ci mini rai. A 1973 gwamnatin Firayim Minista Gough Whitlam ta ba su kuɗi suka fara sayen gidaje tsakanin titunan Eveleigh, Vine, Louis da Caroline a Sidni, wurin da suke kira Block. A Redfern ɗin nan suka buɗe ofishin lauyoyinsu a 1970, asibitinsu a 1971. Daga baya aka rushe gidajen. Yau ka fito daga tashar jirgin ƙasa, bene mai hawa 24 ne zai tare maka ido, cike da ɗalibai masu biyan haya mai tsada. Gidajen masu wurin 62 kacal. An sayar da unguwa, kowa ya yi gum!

Injiniya: Baban Khadija, gyara maganarka. Ba a sayar ba. Filin benen ɗaliban ne aka bayar haya ta shekara 99, fili yana nan a hannun Aboriginal Housing Company, kamfaninsu na kansu.

Maman Yusra: Injiniya, ka ji tsoron Allah. Shekara 99? Kafin wa'adin ya cika, mai bayarwa da mai karɓa da 'ya'yansu duk sun kwanta dama. Wannan sayarwa ce aka sa mata riga.

Malam: Hajiya, a fikihu ijara daban, bai'i daban. Muddin asalin mallaka bai fita daga hannu ba, ko shekara nawa aka yanka, haya ce.

Maman Yusra: Allah gafarta Malam, da gonar gadonku ce, za ka sa hannu?

Malam: Ba a kan gonarmu ake magana ba.

Ɗan Sidni: Ni kusa da wurin nake zaune. A 2014 Jenny Munro, dattijuwa ce cikinsu, ta kafa tantuna a filin da aka rushe gidajen. Sun fi shekara suna kwana a nan, da sanyi da ruwan sama, suna hura wuta a tsakiya. Buƙatarsu ɗaya: a fara gina gidajen mutane kafin shaguna da ɗakunan ɗalibai. A 2015 kotu ta ba kamfanin gaskiya, sai gwamnatin tarayya ta yi alkawarin dalar Ostiraliya miliyan 5 don gidajen, sannan aka kwashe tantuna. Waɗanda aka tasa tun farko da yawa sun watsu zuwa wasu unguwanni.

Injiniya: To Mick Mundine da ya jagoranci aikin sake gina Block Bature ne? Shi ma Aborijin ne. Kuna magana kamar Block aljanna ce. Ƙwaya ta cinye unguwar, gidaje sun ruɓe, ga tarzomar 2004 bayan mutuwar TJ Hickey, yaro Aborijin ɗan shekara 17. Ba kuɗin haya, da me za a yi ginin?

Baban Khadija: Dama kai ɗan kwangila ne, duk inda aka ce rusau ranka fari.

Injiniya: Sana'ata ta halal ce. Kai da kake Gwarinpa, a filin wa gidanka yake? Ka taɓa tambayar ina Gwarawan wurin suka koma?

Baban Khadija: Da takarduna na saya!

Maman Yusra: Gbagyi ake cewa, Injiniya, su da kansu haka suke so.

Injiniya: Gwari muka tashi muka ji, kuma ba zagi ba ne.

Ɗan Sidni: Don Allah mu dawo kan magana. Yanzu haka gidajen gwamnati na Waterloo, maƙwabtan Redfern, ake shirin rushewa a sake gini, kuma akwai Aborijin da yawa a ciki.

Baban Khadija: Sai Injiniya ya janye maganar gidana tukuna.

Shugabar zaure: Ya isa haka, na rufe. Abin da na fahimta: kusan kowa ya yarda hayar shekara 99 sayarwa ce, kuma bayanin Ɗan Sidni ya tabbatar an cuci mutanen nan. Injiniya bai kawo hujja ba sai gori. Maganar Gwarinpa kada a sake ɗago ta a nan.