Bidiyon da ɗalibai ke haɗa wa malamai a ɓoye: wane suna za mu raɗa masa?

Jama'a, assalamu alaikum. Lokacin yaye ɗalibai ya kawo jiki, 'yan aji shida na sakandare suna gama WAEC su faɗa NECO, kuma akwai wata al'ada da ta fara kama ƙasa wadda har yau ba ta da suna a bakinmu. 'Yan aji su haɗa baki, kowa ya ɗauki kansa a waya yana yi wa malami ko abokin karatu godiya, a harhaɗa wuri guda, ranar biki a haska a bango alhali malam bai san wainar da ake toyawa ba. Yaran suna ce masa "surprise video". Ina so mu samo masa na Hausa tun kafin na Turancin ya yi saiwa. Na riga na jefa muku tambayar tare da tawa shawarar, kun kuma turo naku ra'ayoyin, su zan bi ɗaya bayan ɗaya.

Rabin aikin an riga an yi mana. "Yaye" ta zauna daram: uwa ta cire yaro daga nono don ya isa cin tuwo, makaranta ta sallami ɗalibi don ya isa tsayawa da ƙafarsa. "Bidiyo" kuma ta zama 'yar gida kamar rediyo da talabijin, ban ga dalilin tayar da ita ba. Ɗaya kalmar, wato "surprise", ita ce ta gagara.

Wani ya kawo "bidiyon ban-mamaki". Wannan a ajiye shi gefe. Duk wanda ya ga wannan suna a Facebook, abin da zai zo masa a rai shi ne akuya mai kai biyu ko tirela a saman gada. Ba mai kawo godiya a ransa.

Mafi yawanku kun ce "bidiyon ba-zata". Hausa ce tsantsa, ma'anar ma ta fita. Amma ku saurari inda muka saba jin ta a labarai: harin ba-zata, ko gwamna ya kai ziyarar ba-zata sakatariya ya tarar da ofisoshi a garƙame. Kalma ce da gaba ke faɗuwa kafin a ji ƙarshenta. "Shammata" kuwa ta fi muni, don wanda aka shammata an ci galaba a kansa ne. A bar ta wa masu ɓoye kyamara suna tsokanar mutane a kasuwa, ta dace da su.

Ga inda nake ganin muka kauce. Turancin ya sa wa abin suna ne da yadda yake zuwa, wato ba sanarwa. Mu ba dole ne mu bi sahunsa ba. Magabatanmu a gidajen rediyo, irin su Sashen Hausa na BBC da ya fara aiki tun 1957, ba kalma da kalma suka riƙa bi ba. Abin suka kalla, suka ce jirgi mai saukar ungulu, suka ce Majalisar Ɗinkin Duniya. To mu ma mu kalli abin. Me ke cikinsa? Mutum ya karɓi alheri shekara shida, yau yana cewa na gani, na gode.

Shi ya sa nake ba da shawarar mu ce "bidiyon tukwici". Yaba kyauta tukwici, in ji Hausawa, kuma bidiyon nan daga farkonsa har ƙarshensa yaba kyauta ne. In ana son a nuna ɓoyon, sai a ce "tukwicin ba-zata", tukwicin ya wanke wa ba-zatar ɗacinta.

Kada a manta, gode wa malami ranar kammalawa ba baƙon abu ba ne gare mu. A makarantar allo akwai kuɗin Laraba duk mako, sannan ranar saukar Alƙur'ani a yi wa allo zayyana, mai sauka ya karanta a gaban jama'a, iyaye su kai wa malam abin da ya sawwaƙa, wani rago, wani riga, wani kuɗi. Kyamara da ɓoyo ne kawai sababbi.

Wata Malama da ta daɗe tana koyarwa ta rubuto cewa tukwici ɗan aike ake ba, yaron da ya kawo kwanon abinci daga maƙwabta, don haka kiran malami da mai karɓar tukwici ƙasƙanci ne. Ranki ya daɗe, maganarki na da nauyi, na kuma juya ta sosai. Amsata biyu ce. Malami ma ɗan saƙo ne: ilimin da ya kawo mana daga hannun nasa malaman ya karɓo, kuma ba na jin akwai malamin kirki da zai ƙi wannan matsayi. Na biyu, tukwici bai taɓa kai girman kyauta ba, kowa ya san haka. Mai ba da shi ba cewa yake na biya ka ba. Abin da ya sa na fifita shi a kan "bidiyon karramawa" ke nan, don karramawa daga sama take saukowa, hukuma ce ke karrama ma'aikaci da lambar yabo. Ɗalibi bai kai ya karrama malaminsa ba. "Bidiyon godiya" kuwa ba laifi, sai dai ɗan siyasar da ya ci zaɓe ma shi yake yi.

Kuma sunan da kansa yana gaya wa yaro abin da zai faɗa. Ba a yaba kyautar da ba a ambata ba. Maimakon yara talatin su jeru kowa na cewa "Malam, babu kamarka", sai ɗaya ya ce: "Malam, ranar da aka kore ni don kuɗin jarrabawa, kai ka ce in koma in zauna, ka tafi ofis da kanka." Wata ta ce: "Malama, jan biron da kika cika min littafi da shi a aji huɗu, shi ya gyara min rubutu." Daƙiƙa ashirin ta ishi kowa. A nemo Baba mai gadi da Iya mai girki a sa su ciki, su ne ba a taɓa kira kan dandamali ba.

Ga masu shirin yi bana: a buɗe zauren WhatsApp daban wanda babu malami ciki, amma a sanar da mataimakin shugaban makaranta, don shi zai ba ku minti biyar a jadawalin taro. Kowa ya kwantar da wayar a kwance, ya fuskanci haske, ya nisanci fanka da janareto. Jama'a sukan haƙura da hoto mai dishi-dishi, murya ce in ta ɓaci ba mai haƙuri. A turo wa mai haɗawa a matsayin fayil don kada WhatsApp ya matse shi, shi kuma ya yanka da manhajar haɗa bidiyo ta CapCut ko makamanciyarta. A gwada majigi da lasifika tun da safe.

Akwai wani dalilin da ya sa na damu. A 2025 jihar Sakkwato da wasu jihohin Arewa sun hana bikin nan na rubuce-rubuce da alƙalamin maka a jikin farar riga ranar gama makaranta, saboda abubuwan da aka riƙa gani na rashin ɗa'a. Hanin bai cire wa yaran buƙatar yin sallama da juna ba. Wannan hanya ce mai tsafta, kuma iyaye sun fi saurin yarda da abin da suka ji sunansa suka gane.

Saura abokan aji. Wani ɗan'uwa ya ce tukwici bai hau kansu ba, a ce "bidiyon sallama". In bidiyon tuna baya ne kawai, hotunan aji ɗaya da na ranar wasanni, na yarda, sallama ce. Amma in kana gode wa wanda ya ara maka littafi daren jarrabawa, ko wadda ta raba garin kwakinta da ke a makarantar kwana lokacin da akwatinki ya ƙare, wannan ma kyauta ce aka yaba. Abu ɗaya dai: haskawa a zauren taro daban, ɗorawa a TikTok daban. Kafin a ɗora, a tambayi duk wanda fuskarsa ta fito, musamman 'yan mata da iyayensu, haka ma malamin. Wanda ya ce a'a, a yanke nasa.