Musayar Waƙa: Madiyo, daga sirdin keke zuwa motar ƙungiya

Mai Sarƙa:
Salamu alaikum ma'abota waƙa,
Na zo da zancen gwanin Faransa.
Mark Madiyo ne, ɗan Renaze,
Ya hau keke ya tsere wa tsara.
Paris zuwa Rube, hanyar duwatsu,
Mai fasa taya da karya kafaɗa,
1985 ya cinye gasar,
1991 kuma ya maimaita.
Wanda ke da ja, ya fito fili!

Yaya Babba:
Ƙanina, hawansa ba na musu,
Jagorancinsa nake tuhuma.
1997 ya kafa ƙungiya,
Kamfanin cacar ƙasa ke biya.
Gedon, ɗan ƙungiyar, ya ci Rube a shekarar,
Na ba shi wannan, ban hana ba.
Amma babbar gasar Faransa fa?
Ina rigar rawaya ta zakara a ranar rufewa?
Tun da gwani Ino ya ci ta a 1985,
Ba Bafaranshen da ya ɗauka.

'Yar Gwani:
Yaya, bari ƙanwarka ta tanka,
Kofi kaɗai ka sa a sikeli.
Ka tuna babbar gasar ta 2012 kuwa?
Pino, ɗan ƙungiyar Madiyo, na da shekara 22,
A wani zango ya ɓalle shi kaɗai a gaba,
Madiyo ya leƙo ta tagar mota,
Rabin jiki duk yana waje,
Yana dukan ƙofa da hannunsa,
Yana ihu har murya ta dushe,
Har yaron ya tsallake layin nasara.
2014 Pino ya zo na 3 a gasar,
2019 ya ci zangon dutsen Turmale.
A zango na 19 cinya ta ƙi,
Ya sauka daga keke yana kuka.
Wannan ciwo ne, Yaya, ka duba,
Wane koci ne zai iya hana shi?

Mai Sarƙa:
Madalla 'yar'uwa, kin taya ni!
Aikin ba ihu kaɗai ba ne:
Neman masu zuba kuɗi kullum,
Kwantiragi, da rainon matasa.
Demar ya ci Milan zuwa Sanremo,
2016, a rigar ƙungiyar Madiyo.

Yaya Babba:
Na ji ku, ƙanne, na sassauta,
Rainon yara ya iya, na shaida.
Hawayen Pino ni ma sun taɓa ni.
Amma batun rawaya ina nan,
Bashi ne, kuma ban yafe ba.