Tsofaffin kwalaben giya masu murfin waya: in sayar ko in zuba zoɓo?

Mai tambaya, Hamburg (Jamus): Assalamu alaikum 'yan uwa. A ɗakin ajiya na ƙasan gidan da muke haya akwai tsofaffin kwalabe kiret uku, maigidan ya ce in kwashe in ina so. Irin masu murfin tangaran ɗin nan ne da waya ke riƙe da shi. Wasu koraye ne da sunan Grolsch, wasu ruwan ƙasa na Flensburger, sai kaɗan masu kauri da nauyi, an ƙera rubutu a jikin gilashinsu. Suna da daraja in sayar? Ni dai raina ya fi kwanta wa in riƙa zuba zoɓo da kunun aya a ciki, amma na giya ne, zuciyata ba ta natsu ba.

Wani ɗan uwa, Bremen: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara da ware su. Na Flensburger har yanzu suna yawo, in kin mayar shagon da ke sayar da irinsu za a ba ki senti 15 kan kowace, kwalbar giya ta gama-gari kuwa senti 8, kiret ɗin kansa yuro ɗaya da rabi. Grolsch na Holan ne, ba kowane shago ke karɓa ba. Kin ga kuɗin bai taka kara ya karya ba, amfaninsu a gida ya fi.

Mai yawon kasuwar gwanjo: Masu kaurin nan su za ki lallaɓa, Hajiya. Irin wannan murfi tsoho ne ƙwarai. A 1875 Charles de Quillfeldt ya yi rajistarsa a Amurka, Grolsch suka ɗauke shi a 1897. Murfin kwano da muka sani a kan lemo, William Painter ne ya fito da shi a 1892, kuma shi ya zo ya ture na waya saboda arha da saurin rufewa da inji. Masu tara kwalabe suna neman wadda aka ƙera sunan gari da na masana'anta a jikinta, musamman ƙaramar masana'antar da ta daɗe da rufewa, ga kuma murfinta na asali da tambari a kai. Ki ɗaga ta ga haske. In kin ga 'yan kumfa a cikin gilashin, kuma layin haɗin da ke gefe ya tsaya bai kai leɓen kwalbar ba, alama ce da hannu aka ƙarasa bakin, ta girmi na inji. Don Allah kada ki kankare tsatsar wayar, kada ki raba murfi da kwalbarsa, yin haka na rage mata kuɗi. Tsaga ko ɓantarewa a baki ma haka. Ki ɗauki hoto, ki duba nawa aka sayar da irinta, ba nawa mai ita ya sa ba.

Malam: Baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki. Gilashi ba ya shan abin da aka zuba masa, in an wanke da ruwa mai tsarki har launi da wari da ɗanɗano suka gushe, ya tsarkaka. Abin da malamanmu na Malikiyya suka tsananta a kai shi ne tukunyar ƙasa da najasa ta jiƙa cikinta. A hadisin Abu Sa'alaba da ya yi tambaya kan ƙorai da tukwanen Ahlul Kitabi, an umarce shi da ya wanke ya yi amfani da su idan bai sami wasu ba. Zoben robar da ke jikin murfin ne ke riƙe wari, shi ki jefar.

Uwargida mai zoɓo, Maraɗi: Malam ya yi gaskiya, sai dai ni ba zan kai wa baƙo kwalba mai sunan giya a jiki ba, kowa da abin da zai raya. Ruwan ƙasan da takardarsu ke fita in an jiƙa, su za ki fitar gaban mutane, korayen su zauna a madafi da man gyaɗa ko zuma. Sannan 'yata, ki kiyayi kunun aya. Murfin nan ba ya barin iska ta fita ko kaɗan. Kunun aya ko lemon citta mai sukari in ya kwana a waje ya fara tsami, iska na taruwa, tsohuwar kwalba tana iya tarwatsewa a hannun yaro. Ki bar tazarar yatsu biyu a wuya, ki sa a firij, a shanye da wuri. Kada kuma ki juye zoɓo da zafinsa cikin kwalba mai sanyi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, na samu natsuwa. Akwai baƙin datti da ya daskare a gindin wasu, buroshi ba ya kaiwa. Kuma ina zan samu sabuwar roba?

Wani ɗan uwa, Bremen: Ki jiƙa su da ruwan ɗumi da sabulu su kwana, da safe ki zuba ɗanyar shinkafa cokali biyu da ɗan ruwa ki girgiza sosai, za ta kankare gindin. Ki kife su su bushe da murfi a buɗe. Robar kuwa ana sayar da ita a ƙunshi a shagunan kayan gida da intanet, ki tafi da tsohuwa guda ɗaya a jaka don ki gwada girma.