An ba ni Tsara Birane maimakon zanen gine-gine, in karɓa ko in sake JAMB?

Ummin Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min. Zanen gine-gine na cike a JAMB, karo na biyu ke nan, sai shekaranjiya na duba CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, na ga an ba ni URP, wato Tsara Birane da Yankuna, karatun shekara 5. Babanmu ya ce shi bai san wani aiki da ake yi da shi ba sai shafa wa gidajen mutane jan fenti na alamar rusau, kuma ba aikin mace ba ne. Abu uku nake son sani daga waɗanda suka yi: ana samun aiki? Nawa kayan karatun za su ci, tunda ko kwamfuta ba ni da ita? Kuma in na shiga, zan iya canjawa bayan shekarar farko?

Abban Hanif:
Wa alaikumus salam. Ki yi istihara ki karɓa. Wasu shekara huɗu suna nema ba su samu ba.

Ɗan Sabon Gari:
Ki koma aikin jinya kawai ƙanwata, shi ne na mata.

Ummin Gwammaja:
Yaya ai ban yi Bayoloji a JAMB ba. Lissafi da Fiziks da Jogirafi na yi.

Tsohon Ma'aikaci:
'Yata, ki gaishe da mahaifinki, ki ce masa jan fenti shi ne ƙarshen aikin, kuma mafi ƙanƙantarsa. Na yi shekara 31 a wannan fanni kafin na yi ritaya. Mai zanen gini gida ɗaya yake dubawa. Mu kuwa unguwar gaba ɗaya: ina titi zai bi, faɗinsa nawa, ina ruwan sama zai gangara, ina makaranta da kasuwa da maƙabarta. Kano an yi mata tsarin wani Bature Trevallion tun 1963, Kaduna an yi mata na wani Baturen, Max Lock, a 1967. Abuja da kike gani, a takarda aka fara ta. An kammala babban tsarinta a 1979, wani Bajafane Kenzo Tange ya zana tsakiyar birnin, sai a 1991 gwamnati ta tare. Za ki koyi karanta taswira, da awo, da dokar filaye ta 1978, da dokar tsara birane ta 1992. In kin gama, kin yi bautar ƙasa, sai ki nemi rajistar TOPREC, hukumar yi wa masu tsara birane rajista, sannan ki iya sa TPL, laƙabin mai tsara birni, a gaban sunanki.

Mai Tayil:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ku daina faɗa wa yara rabin magana. Ni na yi shi. Shekara 5 a takarda, 6 da wani abu a zahiri saboda yajin aiki. Kwana nawa na yi a situdiyo, wato ɗakin zane, ina kwana a kan tebur, sauro na cizo, ina jan layi. Na gama da sakamako mai kyau, na yi shekara uku a gida, sannan wani kawuna ya samo min aiki a wata ma'aikata, ba zan faɗi jihar ba.

Aikina na farko da na sa zuciyata a kai, tsarin wata sabuwar unguwa ce, fuloti ɗari biyu da wani abu. Na yi sati uku ina zagaya filin da ƙafa. Akwai wani kwari da ruwa ke bi duk damina, manoman wurin ne suka nuna min, na bar shi a matsayin hanyar ruwa. Na ware filin firamare, na ware na ƙaramin asibiti, da wani fili da yara za su buga ƙwallo. Aka sa hannu, aka buga hatimi. Bayan shekara biyu na bi ta wurin. Filin firamaren an yanka shi fuloti goma sha biyu. A cikin kwarin nan kuwa har an kai linta. Na koma ofis na ɗauko fayil ɗin, sai na ga sabon zane, kuma sunana ne a ƙasa.

Duk wannan bai kore ni ba. Abin da ya kore ni ranar da aka ba ni gwangwanin fenti aka haɗa ni da 'yan sanda biyu. Gidan wata tsohuwa ne, ɗaki biyu da langa-langa, ya shigo titi da kamar taku uku. Ta fito da takardar cinikin filin a cikin leda, duk ta naɗe ta yi laushi, da sa hannun dillali da shaidu, tana miƙo min tana cewa ɗana duba. Ga wani bene nan a jikinta da ya fi ta shigowa titin, ba a rubuta shi a takardar da aka ba ni ba. Na shafa fentin. Wata biyu bayan nan na ajiye aikin. Yanzu tayil nake sayarwa, kuma wallahi na fi yin barci.

Maman Ilham:
Innalillahi. An rushe gidan tsohuwar?

Mai Tayil:
Ban koma ba Hajiya. Har yau ban iya bin layin ba.

Zinariyar Zazzau:
Allah ya sa ka dace Yaya, amma labarinka ba shi ne na kowa ba. Ni ina aji huɗu yanzu, mace ce, kuma mu da yawa ne a ajinmu. Ba dole sai gwamnati ba. Wadda ta riga mu gamawa tana yi wa wata ƙungiyar agaji taswirar wuraren da ambaliya ke ci, da GIS, wato fasahar taswira a kwamfuta, take aikin. Ummi, in za ki shiga, ki riƙe GIS da manhajar zane ta AutoCAD tun daga aji biyu. QGIS, manhajar GIS, kyauta ce, saukewa kawai za ki yi. Kwamfuta ta hannu na saya dubu 180, tana yi min komai.

Ɗan Sabon Gari:
Dubu 180? A wace shekarar? Satin jiya na je titin Beirut da ƙanina, wadda za ta ɗauki AutoCAD ba ta tsaya ba sai dubu 350.

Zinariyar Zazzau:
Bara. Kai dai an ga fuskarka ne.

Mai Tayil:
Ni dubu 70 na sayi tawa a lokacin. Kuma ba kwamfutar ce ke cin kuɗi ba, firintin ne. Duk ƙarshen zango sai ka buga manyan takardu, malami ya ja jan biro a kai, ka sake bugawa. Ga kuɗin mota zuwa filin nazari.

Zinariyar Zazzau:
Rukuni ake yi, karo-karo muke. Ban taɓa kashe sama da dubu 25 a zango ba.

Abban Hanif:
Ɗana yana kashe ninkin haka sau biyu, ni nake turawa.

Bakano Na Asali:
To Alhaji ka binciki ɗan naka, hala firintin ɗin da shawarma ake haɗawa. Ni dai abin da ya ɗaure min kai, a ce Zage-zagi ne ke koyar da tsara birni. Ku fara tsara lungunan cikin birnin Zariya tukuna, wanda ya shiga da safe sai la'asar yake samun hanyar fita.

Zinariyar Zazzau:
Ka fito daga ruwan da ke ƙofar gidanku tukuna, sai mu yi magana.

Injiniya Babangida:
A bar wasa. Gaskiya shawarar Baba ta zamanin da ake ba mutum aiki tun kafin ya cire rigar bautar ƙasa ce. Ita kuma Zinariya ɗaliba ce, ba ta fito ba balle ta san kasuwa. Mai Tayil kaɗai ya ga ciki da waje. Mu a wurin gini, mai gida safiyo yake nema da mai zane da injiniya. Mai tsara birni sai in takarda ta maƙale a ofis ake tuna shi.

Tsohon Ma'aikaci:
Ɗana, shi ya sa gidajen da kuke ginawa ruwa yake shiga. Wanda ya ajiye aiki a shekara uku ya fi wanda ya yi 31 sani? Ni ma an sauya min zane, ba sau ɗaya ba. Amma akwai makarantu biyu da suke tsaye yau saboda na ƙi sa hannu, na sha canjin wurin aiki a kai. In duk mai tsoron Allah ya tafi sayar da tayil, wa zai zauna a kujerar?

Mai Tayil:
Baba ni ban ce na fi ku sani ba. Ku lokacinku in kun ƙi sa hannu ana tsayawa. Mu sa mana ake yi.

Maman Ilham:
Ni tunda ga masana sun taru, ku ba ni amsa. Filin awon igiya muka saya muka gina, shekara tara ke nan. Lungunmu ko motar ɗaukar mara lafiya ba ta shiga. Akwai kududdufi a bayanmu da duk ruwan unguwa ke zuba ciki, aka cike shi da shara da ƙasa aka yanka fuloti. Daminar bana cikin dare na farka na ji katifa na motsi, na sa ƙafa ƙasa ruwa har gwiwa. Buhun shinkafa da littattafan yara duk sun tafi. Ina masu tsara birnin suke lokacin da tifa ke juye ƙasa da rana tsaka?

Injiniya Babangida:
Hajiya ai ba ku nemi izinin gini ba, ba kwa cikin taswirarsu.

Maman Ilham:
Malam, fulotin gwamnati talaka yake samu? Kai ka taɓa ganin wanda ya cike fom ya samu ba tare da ya san wani ba?

Bakano Na Asali:
Mu ma haka aka yi mana, kwatar layinmu wani ya ɗora shago a kai. Mun je wurin mai unguwa sau uku.

Ummin Gwammaja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan nuna wa Babanmu abin da Baba ya rubuta, da na Yaya Mai Tayil ma. Amma har yanzu ba wanda ya faɗa min ko ana iya canjawa bayan shekarar farko. Anti Zinariya ko kin sani?

Maman Ilham:
Bakano, ku kun samu mai unguwar ma ya saurare ku. Namu shi ne shaida na farko a takardar cinikin kududdufin.