Aikin cire ƙoda ta ƴar huda, wa ya san shi?

Uwar biyu:
Salam jama'a dan Allah ku taimaka, babanmu ne aka ce ƙodarsa ta hagu ta daina aiki, tsakuwa ta toshe ta tun tuni, kullum zazzaɓi da ciwon kwiɓi, likita yace a cire amma ba za a farke ciki ba huda za a yi. Wallahi hankalina bai kwanta ba, ƙoda guda ta ya za ta fito ta ƴar huda?

Mai jinya:
Wa alaikissalam Hajiya, kwantar da hankalinki. Huda uku ko huɗu ake yi kamar santimita 1, sai a hura iskar kabon dayoksaid cikin ya buɗe a zura kyamara suna kallo a allo, su ɗaure jijiyoyin jinin da bututun fitsari su sa ƙodar a ƴar jaka su ɗan faɗaɗa huda ɗaya su zaro ta. Ba sabon abu bane fa, tun 1990 aka fara a Amurka. Sai dai in ƙodar ta manne saboda yawan ciwo wani lokacin dole su koma farkewa, ki tambayi likitan wannan.

Ɗan autan gida:
Yaya ni an min. Kwana uku aka sallame ni, abin da yafi damuna ma ciwon kafaɗa ne saboda iskar nan, da na fara takawa ya lafa. Yanzu dai an hana ni shan maganin ciwon nan diklofenak barkatai tunda ƙoda ɗaya ta rage min.

Uwar biyu:
Na gode sosai. Ta daman an ce lafiyarta lau, gobe zan raka shi in ji maganar mannewar nan.