Neman shawara: in yanki tikitin Chaina ko in tsaya a kiran bidiyo?

Mai tambaya, Kantin Kwari:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Yadin maza da leshi nake sayarwa a Kwari, jarin kuma bai taka kara ya karya ba. A da maigidana ne ke zuwa birnin Gwanzu na Chaina, in ba shi kuɗina ya haɗo mini a cikin kayansa. Yanzu ya sallame ni, na tsaya da ƙafata. Da na lissafa biza, tikitin jirgin Habasha daga Kano ta Adis Ababa, otal, abinci da tafinta, sai na ga tun da aka saki Naira a 2023, kuɗin hanya kaɗai ya isa ya lashe ribar kayan da zan sauke. Wani abokina ya ce in zauna a shago, a nuna mini kaya ta kiran bidiyo, in zaɓa, in tura kuɗi. Masu yin haka, don Allah yaya abin yake? Ina tsoron jefa jarina hannun wanda ban taɓa gaisawa da shi ba.

Wani Alhaji, tsohon ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Yaro, yadi da hannu ake sayensa. Waya za ta gaya maka ko yana da taushi? Za ta gaya maka ko zai zuba in an wanke? Fitilar shagonsu kaɗai ta isa ta mai da ruwan toka ya koma shuɗi a idonka. Ka daure ka je ko sau ɗaya, su ga fuskarka, ka ga masaƙarsu. Wanda kuka ci abinci tare yana jin nauyin cutarka.

Wata Hajiya mai leshi, Kaduna:
Baba Alhaji ya faɗi gaskiya, amma ku a lokacinku Dala ba ta haukace haka ba. Ƙanena, ni na daɗe ban taka Chaina ba, kuma kayana ba su daina sauka ba. Abu na farko, ka manta da WhatsApp, a can a toshe yake, shi da Facebook da duk kayan Google. WeChat suke yi. Ka sauke shi, wataƙila sai wani mai tsohon asusu ya tabbatar da kai kafin ya buɗe, kuma Kwari cike take da masu shi. In sun rubuto da Sinanci, ka danne saƙon na ɗan lokaci, zai fassara maka.

Sai lokaci. Awa 7 suka riga mu, ƙarfe 7 na safe a Kano 2 na rana ce a wurinsu. In ka bari sai ka buɗe shago da hantsi, su suna shirin tashi. Ni da na idar da asuba nake kira, lokacin ma sabis ya fi tsayawa.

Maganar taɓa yadi kuwa, samfur ke raba gardama. Kada ka biya ko sisi na kaya sai an aiko maka da ƙyalle ta kagon jirgi. Ka taɓa, ka jiƙa, ka shanya, ka kai wa telanka. Wanda ya yi maka, ka raba shi biyu, ka sa hannu a kai, ka riƙe rabi ka mayar musu da rabi. Ranar da kaya suka kammala, a cikin bidiyo nake sa a fito da bandir ƙofar sito, cikin hasken rana, a ɗora wannan ƙyallen a kai. In sa a warware shi, a ja tef a faɗinsa ina kallo, a ɗora a sikeli. Kuma ni ke zaɓar bandir ɗin, in ce na uku daga ƙasa, can gefen bango. Wanda suka ajiye a gaba ai don idona aka ajiye shi.

Wani mai kayan waya, Farm Centre:
Aunty ta gama magana. Ƙari ɗaya: bidiyon da aka ɗauka aka turo maka ba hujja ba ne, yana iya zama na masaƙar wani. A kira kai tsaye ka ce ya fita ya nuna maka allon kamfanin, sannan sunan da ke allon ya zo ɗaya da na asusun da za ka tura kuɗi. Wani maƙwabcina an canza masa lambar asusu ana gobe biya, wai na kamfanin ya sami matsala. Bai sake kira ya tabbatar ba. Har yau shiru.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. To data fa? Kuma abokina Zoom ya ambata.

Mai kayan waya:
Zoom ya fi amfani in za ku haɗu ku uku ko huɗu, kai da mai kaya da ejan, a sa takardar farashi a allo kowa na gani. Na kyauta yana yankewa a minti 40, sai ku sake shiga. Awa guda na iya cin kusan giga ɗaya, ka kwatanta da kuɗin tasi daga filin jirgi zuwa masauki kawai. Ka cika caji, ka sa abin kunne, hayaniyar Kwari ba ta barin a ji lissafi. Duk abin da kuka tsayar da baki, ka rubuta ka tura masa ya amsa da eh.

Wani ɗalibi kuma ejan, mazaunin Gwanzu:
Yayana, yawancin waɗanda za ka gani a waya a nan dillalai ne. Yadi da yawa daga Keqiao yake fitowa, can lardin Zhejiang, tafiya ce mai nisa daga nan. Saboda haka ko ka zo ɗin, ba lallai ka ga masaƙar da Baba ke faɗa ba. Ka nemi namu na nan, wanda mutanen Kwari suka sani har gidansu, ya tsaya a sito da wayarsa ranar loda kaya. Kafin alƙalami kawai za ka bayar, ciko sai ya gani da ido. Ka kuma kula da sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu na rufewa makonni.

Alhajin Kwari:
To na ji ku, 'yan zamani. Tunda aljihu ya hana, ka fara da mutumin da maigidanka ke sayayya a wurinsa. Ka roƙe shi ya zauna kusa da kai a kiran farko ya ce wannan ɗana ne. Kuma kada ka zuba jarin duka a zubin farko.

Mai tambaya:
Na gode Baba. Na je wurin maigida bayan la'asar, ya amince, har ya ce wayarsa za mu yi amfani da ita tunda lambarsa suka sani. Jibi da asuba in sha Allah. Aunty, samfur kala nawa ya kamata in nema?

Hajiya mai leshi:
Duk kalar da za ka saya. Baƙi da ja ka fi matsa musu a wanki, su ne masu zuba.